BABI NA UKU: SAUYA ZAƁEN WAKILAI DA ƘURI'AR JAMA'A A ZAƁEN SHUGABAN ƘASA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan tarihin garin Likoro da matsayinsa a ƙasar Zazzau, da kuma yadda yake a yau a cikin ƙaramar hukumar Kudan, a mazaɓar tarayya ta Maƙarfi da Kudan. A wannan babi kuwa za a yi ƙoƙarin duba hanyar da ƙuri'ar mutumin Likoro ke bi kafin ta kai ga naɗa shugaban ƙasa. Za a fara da fito da ma'anar zaɓen wakilai da zaɓen kai tsaye, sannan a waiwayi ƙasar Amurka wadda ta fi kowace ƙasa shahara da tsarin wakilai. Daga nan sai a dawo gida a bi diddigin yadda Nijeriya ta yi aiki da wannan tsari da yadda ta rabu da shi. Manufar babin ita ce a nuna cewa duk lokacin da aka sanya wasu 'yan tsiraru tsakanin mai jefa ƙuri'a da wanda ake zaɓa, to nauyin ƙuri'ar yakan ragu, kuma akwai hanyar kare haɗin kan ƙasa ba tare da su ba.

3.1 Ma'anar Zaɓen Wakilai da Zaɓen Kai Tsaye

Zaɓen kai tsaye shi ne wanda kowane baligi da ya yi rajista zai jefa ƙuri'arsa ga ɗan takarar da yake so, a tattara ƙuri'un ƙasa baki ɗaya a ƙidaya, wanda ya cika sharuɗɗan doka ya zama shugaba. Shi kuwa zaɓen wakilai, jama'a sukan zaɓi wasu mutane ne ƙidayayyu, su kuma waɗannan mutane su taru su zaɓi shugaba a madadin kowa. Wannan taro nasu shi ne kafofin watsa labarai na Hausa ke kira kwalejin zaɓe, ko majalisar masu zaɓe. A cikin wannan aiki za a riƙa amfani da kalmar majalisar masu zaɓe, domin kalmar kwaleji takan sa mai karatu ya zaci makaranta ake nufi.

Idan aka lura za a ga cewa tunanin ɗora wa mutane kaɗan nauyin zaɓen shugaba ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Alal misali, a masarautar Zazzau akwai masu zaɓen sarki, waɗanda a lokacin da Sarki Shehu Idris ya rasu a watan Satumba na shekarar 2020 su biyar ne, wato Waziri da Fagaci da Makama Ƙarami da Limamin Juma'a da Limamin Kona. Sai dai akwai bambanci. Masu zaɓen sarki ba talakawa suka zaɓe su ba, kuma ba su taɓa cewa da yawun ƙuri'ar talakawa suke magana ba. Ita kuwa majalisar masu zaɓe ta siyasar zamani, da sunan jama'a take aiki. Saboda haka ne ake iya tuhumarta idan abin da ta zartar ya saɓa wa abin da jama'a suka zaɓa.

3.2 Majalisar Masu Zaɓe a Amurka

An kafa wannan tsari ne a taron rubuta tsarin mulkin Amurka da aka yi a birnin Filadelfiya a shekarar 1787. Dalilan da suka sa aka ɗauke shi sun haɗa da nisan ƙasa da wahalar sadarwa a wancan zamani, da tsoron da ƙananan jihohi ke yi na kada manya su danne su. Akwai kuma batun bayi. Jihohin kudu suna da bayi masu yawa waɗanda ba su da ikon jefa ƙuri'a, amma aka amince a lissafa uku bisa biyar na yawansu wajen raba kujerun majalisa, abin da ya ƙara wa waɗannan jihohi yawan masu zaɓe.

Yadda tsarin yake shi ne kowace jiha tana da masu zaɓe daidai da yawan kujerunta a majalisar wakilai da ta dattawa. Kujerun wakilai 435 ne, na dattawa 100, sai guda 3 da aka ba babban birnin ƙasar, jimla 538 ke nan. Duk wanda ya sami 270 ya ci zaɓe. A dukkan jihohi, in ban da Maine da Nebraska, ɗan takarar da ya zo na ɗaya shi ke kwashe masu zaɓen jihar gaba ɗaya, ko da da ƙuri'a ɗaya ya fi abokin karawarsa.

Wannan tsari ya haifar da matsaloli guda uku. Ta farko, mutum yana iya samun ƙuri'un jama'a mafi yawa amma ya faɗi, kuma hakan ya faru sau biyar, wato a 1824 da 1876 da 1888 da 2000 da 2016. A shekarar 2000 Al Gore ya fi George Bush da ƙuri'u sama da rabin miliyan, amma ratar ƙuri'u 537 a jihar Florida ta ba Bush masu zaɓe 271. A 2016 kuma Hillary Clinton ta fi Donald Trump da ƙuri'u kusan miliyan uku, amma Trump ya sami masu zaɓe 304, ita kuwa 227. Matsala ta biyu ita ce ƙuri'u ba su da nauyi ɗaya. Bisa ƙidayar 2020, a jihar Wyoming mai zaɓe ɗaya yana wakiltar mutane ƙasa da 200,000, alhali a Kalifoniya yana wakiltar sama da 700,000. Ta uku, 'yan takara sukan tattara yaƙin neman zaɓensu a 'yan jihohin da ba a san inda za su karkata ba, su yi watsi da saura.

An sha yunƙurin soke tsarin. A shekarar 1969 majalisar wakilan Amurka ta amince da gyaran da zai kawo zaɓen kai tsaye da ƙuri'u 338, masu adawa 70, amma gyaran ya maƙale a majalisar dattawa a 1970. Abin da ya sa gyaran ke da wuya shi ne sai an sami biyu bisa uku na kowace majalisa, da kuma amincewar jihohi 38 daga cikin 50, ga shi kuwa jihohin da ke cin moriyar tsarin ba za su so a taɓa shi ba. Wannan ya sa wasu jihohi suka ɓullo da wata dabara, inda suka ƙulla yarjejeniyar ba da masu zaɓensu ga duk wanda ya fi yawan ƙuri'un ƙasa baki ɗaya. Jihar Maryland ce ta fara shiga a 2007, kuma ya zuwa 2024 jihohi 17 da babban birnin ƙasar sun shiga, da masu zaɓe 209. An tsara yarjejeniyar ba za ta fara aiki ba sai adadin ya kai 270. Ita kuwa ƙasar Faransa ta yi wannan sauyi. Wakilai kimanin 80,000 ne suka zaɓi Janar de Gaulle a 1958, amma ƙuri'ar raba gardama ta 1962 ta mayar da zaɓen hannun jama'a, aka fara aiki da shi a 1965.

3.3 Zaɓen Hawa-hawa a Jihar Arewa

Mutanen ƙasar Zazzau sun fara sanin zaɓen zamani ne ta hanyar wakilai. A ƙarƙashin tsarin mulkin Gwamna Macpherson na 1951, zaɓen 'yan majalisar Jihar Arewa hawa-hawa aka yi shi. Maza masu biyan haraji a gari irin Likoro sukan taru su fitar da wakilansu, waɗannan su je matakin gunduma su zaɓi wasu, waɗanda aka zaɓa su wuce matakin masarauta, daga nan sai majalisar masu zaɓe ta lardi, wadda ita ce ke fitar da 'yan majalisar da za su tafi Kaduna. Wato ke nan, muryar talaka sai ta ratsa ta hannuwa da yawa, kuma a kowane mataki akwai mai unguwa ko dagaci ko hakimi da idonsa ke kan masu zaɓen. Bugu da ƙari, doka ta ba hukumar En'e damar shigar da mutanenta har kashi goma cikin ɗari a matakin ƙarshe, ba tare da sun bi ta matakan ƙasa ba.

Sakamakon wannan tsari ya fito fili a abin da ya sami jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950. 'Yan takararta sun yi nasara a matakan farko a birnin Kano, amma ko mutum ɗaya daga cikinsu bai kai majalisa ba. Masana irin su Sklar (1963) da Dudley (1968) da Whitaker (1970) duk sun yi bayani a kan siyasar wannan lokaci. Wannan ne ya sa neman zaɓen kai tsaye ya zama ɗaya daga cikin manyan buƙatun Malam Aminu Kano da magoya bayansa.

Sauyin a hankali ya zo. A zaɓen majalisar Jihar Arewa na 1956 an yi zaɓen kai tsaye a wasu birane, amma karkara ta ci gaba da bin wakilai. Sai a zaɓen tarayya na watan Disamba 1959 ne kowane namiji baligi a Arewa ya jefa ƙuri'arsa kai tsaye kuma a asirce. Su kuwa matan Arewa, duk da gwagwarmayar da irin su Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya suka yi, ba su sami wannan haƙƙi ba sai daga gyaran ƙananan hukumomi na 1976, kuma a 1979 suka fara shiga zaɓen ƙasa baki ɗaya.

Ya kamata a lura cewa zaɓen kai tsaye bai rushe ƙarfin masu mulki nan take ba. A 1959 jam'iyyar NPC ta ci kujeru 134, NEPU kuwa 8 kacal, ciki har da kujerar Malam Aminu Kano. Abin da sauyin ya yi shi ne ya tilasta wa mai neman kujera ya sauko ƙauye ya roƙi talaka, maimakon ya tsaya ga lallashin mutane kaɗan a hedkwatar lardi. Ta fuskar shugabancin ƙasa kuwa, tsarin mulkin jamhuriya na 1963 ya bar zaɓen shugaban ƙasa a hannun 'yan majalisun tarayya biyu. Dokta Nnamdi Azikiwe ne ya riƙe wannan muƙami, wanda na ban girma ne kawai, domin iko yana hannun Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa.

3.4 Rikicin Sha Biyu da Biyu Bisa Uku

Tsarin mulkin 1979 ya kwaikwayi na Amurka wajen samar da shugaban ƙasa mai cikakken iko, amma bai ɗauki majalisar masu zaɓe irin tata ba. Abin da ya shimfiɗa shi ne sharuɗɗa biyu: ɗan takara ya fi kowa yawan ƙuri'u, kuma ya sami aƙalla kashi ɗaya bisa huɗu na ƙuri'un da aka jefa a biyu bisa uku na jihohin ƙasa. Sai dai an tanadi cewa idan ba wanda ya cika sharuɗɗan, to 'yan majalisun tarayya da na jihohi su ne za su zauna a matsayin majalisar masu zaɓe su raba gardama tsakanin 'yan takara biyu.

A zaɓen da aka yi ranar 11 ga Agusta, 1979, Alhaji Shehu Shagari na NPN ya sami ƙuri'u 5,688,857, Cif Obafemi Awolowo na UPN 4,916,651, Dokta Azikiwe na NPP 2,822,523, Malam Aminu Kano na PRP 1,732,113, sai Alhaji Waziri Ibrahim na GNPP 1,686,489. Shagari ya cika sharaɗin ɗaya bisa huɗu a jihohi 12 daga cikin 19. A jihar Kano kuwa ya sami ƙuri'u 243,423 daga cikin 1,220,763, wato kashi 19.94 cikin ɗari. Tambayar da ta taso ita ce, nawa ne biyu bisa uku na 19? Awolowo ya ce jiha ba ta gutsuruwa, saboda haka 13 ne. Lauya Richard Akinjide na ɓangaren Shagari ya ce 12 ne da biyu bisa uku na jiha ta goma sha uku. Bisa wannan lissafi, biyu bisa uku na ƙuri'un Kano shi ne 813,842, kuma ɗaya bisa huɗu na wannan adadi bai wuce 203,461 ba, Shagari kuwa ya haura haka. Hukumar zaɓe ta FEDECO ta bi wannan fassara, kuma ranar 26 ga Satumba, 1979 Kotun Ƙoli a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai Fatai-Williams ta tabbatar da ita, ko da yake Mai Shari'a Kayode Eso ya saɓa wa 'yan'uwansa.

Abin da ya fi shafar wannan bincike shi ne abin da zai faru da a ce kotu ta bi ra'ayin Awolowo. 'Yan majalisar dattawa 95 ne, na wakilai 449, na jihohi kuma 1,347, jimla mutum 1,891. Su ne za su yanke hukunci a madadin mutane 16,846,633 da suka jefa ƙuri'a. NPN kuwa ba ta da rinjaye a majalisun tarayya, domin kujeru 36 take da su a dattawa, 168 a wakilai. Ke nan shugabancin ƙasa zai koma abin ciniki tsakanin shugabannin jam'iyyu biyar, kuma mai yiwuwa ne wanda ya zo na biyu ya hau mulki.

Tsohuwar jihar Kaduna, wadda Likoro ke cikinta, ta ba da misali mai kyau na yadda ra'ayin 'yan majalisa kan bambanta da ƙuri'ar da jama'a suka ba mutum ɗaya. A wannan shekara jama'ar jihar sun zaɓi Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP ya zama gwamna, amma NPN ce ke da babban rinjaye a majalisar dokoki. Da a ce majalisar ce ke zaɓen gwamna, da bai taɓa hawa kujerar ba, kuma ita ce ta tsige shi a watan Yuni na 1981. Bayan rikicin zaɓen shugaban ƙasa, gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta gyara tsarin mulki kafin ta miƙa mulki ranar 1 ga Oktoba, 1979. Ta cire majalisar masu zaɓe, ta maye gurbinta da zagaye na biyu wanda jama'a za su sake jefa ƙuri'a. Abin da Amurka ta kasa yi a 1970, Nijeriya ta yi shi da dokar soja, tun kafin a taɓa aiki da majalisar ko sau ɗaya.

3.5 Nauyin Ƙuri'ar Mutumin Likoro

Sashe na 134 na tsarin mulkin 1999 ya riƙe waɗannan sharuɗɗa, kuma da yake jihohi sun zama 36, biyu bisa uku ya zama 24 cif, ba sauran gutsure. Masu goyon bayan majalisar masu zaɓe sukan kafa hujja da cewa zaɓen kai tsaye zai ba yanki mai yawan jama'a damar naɗa shugaba shi kaɗai. Wannan hujja tana da ƙarfi a ƙasa mai ƙabilu da addinai irin Nijeriya, amma sharaɗin ɗaya bisa huɗu ya amsa ta, domin babu yankin da ke da jihohi 24. Dole ɗan takara ya nemi jama'a a wajen yankinsa. Ƙasar Kenya ma ta ɗauki irin wannan sharaɗi a tsarin mulkinta na 2010.

Za a fi gane bambancin idan aka dubi zaɓen 2023 a jihar Kaduna. Atiku Abubakar ya sami ƙuri'u 554,360, Bola Tinubu 399,293, Peter Obi 294,494, Rabi'u Musa Kwankwaso kuma 92,969. Da tsarin Amurka ake bi, da Atiku ya kwashe masu zaɓen jihar duka, ƙuri'u 786,756 na sauran ukun kuma su tashi a banza, alhali sun fi nasa yawa. A tsarin da aka bi kuwa, manomin rake a Likoro ko Hunƙuyi da ya zaɓi wanda bai ci jiharsa ba, ƙuri'arsa ta shiga jimlar ƙasa, kuma nauyinta ɗaya da ta attajiri a Legas. Haka nan ta taimaka wa gwaninsa wajen neman ɗaya bisa huɗu a jihar.

Duk da haka tsarin yana da nasa rauni. Tinubu ya ci zaɓen da ƙuri'u 8,794,726, wato ƙasa da kashi 37 cikin ɗari, domin doka ba ta ce sai an haura rabi ba, saɓanin tsarin Faransa. Haka kuma lafazin sashen ya sake jawo gardama a kan ko wajibi ne a sami ɗaya bisa huɗu a Abuja, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 26 ga Oktoba, 2023 cewa ba wajibi ba ne.

3.6 Tsarin Daliget a Cikin Jam'iyyu

Wurin da zaɓen wakilai ya fi daɗewa a Nijeriya shi ne zaɓen fid da gwani. A babban taron PDP na Fatakwal a watan Oktoba 2018, Atiku ya ci da ƙuri'un daliget 1,532, tsohon gwamnan Kaduna Sanata Ahmed Muhammad Maƙarfi, wanda ɗan wannan yanki ne, ya sami 74. A 2022 Atiku ya zama ɗan takarar PDP da ƙuri'u 371 kawai, domin wakili ɗaya aka ɗauko daga kowace ƙaramar hukuma, Tinubu kuma ya zama na APC da 1,271. Wato ke nan, 'yan PDP na ƙaramar hukumar Kudan baki ɗayanta, da Likoro a ciki, mutum ɗaya ne ya yi magana da yawunsu. Majalisar tarayya ta yi ƙoƙarin wajabta 'yar tinƙe, amma Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙi sa hannu a watan Disamba 2021, inda ya kafa hujja da tsadar aikin da matsalar tsaro da 'yancin jam'iyyu. Dokar da ya sa wa hannu ranar 25 ga Fabrairu, 2022 ta bar wa jam'iyyu zaɓi tsakanin 'yar tinƙe da daliget da sasantawa.

Illar tsarin daliget ita ce irin wadda aka gani a 1951. Mutane kaɗan suna da sauƙin saye da sauƙin tsoratarwa, shi ya sa zargin rabon kuɗi ba ya rabuwa da irin waɗannan taruka. Ita ma 'yar tinƙe ba za ta yi amfani ba sai jam'iyya tana da sahihiyar rajistar 'ya'yanta tun daga mazaɓa, in ba haka ba sai a zauna a ɗaki a rubuta adadin da aka ga dama.

3.7 Naɗewa

A wannan babi an yi bayanin ma'anar zaɓen wakilai da na kai tsaye, an kuma duba yadda majalisar masu zaɓe ke aiki a Amurka da abin da ya hana soke ta. An nuna cewa Nijeriya ta rabu da wannan tsari a matakai, daga zaɓen hawa-hawa na 1951 zuwa zaɓen kai tsaye na 1959, sannan gyaran 1979 da ya mayar da raba gardama hannun jama'a. An kuma gano cewa sharaɗin ɗaya bisa huɗu yana biyan buƙatar da ake kafa majalisar masu zaɓe dominta, ba tare da an zubar da ƙuri'ar kowa ba. Daga ƙarshe an nuna cewa ƙuri'ar mutumin Likoro a babban zaɓe tana cika ne idan yana da ta cewa tun a wajen fitar da 'yan takara. A babi na gaba za a duba yadda jam'iyyu ke gudanar da harkokinsu a matakin mazaɓa a ƙananan hukumomin Kudan da Maƙarfi da Ikara.